Juma'ar da Na Shiga Ramin Lawwali

Na sauka a tashar Gummi da rana tsaka, da jaka ɗaya a hannu da sunan mutum ɗaya a baki. Mutumin wani Garba ne da muka haɗu da shi a kasuwar Malumfashi. Shi ya ce mini ana ta ginin shaguna a Gummi, ana neman leburori ido rufe, in na zo kawai in tambayi Garba Birkila, ko akuyar garin ta san shi. Na tambayi 'yan kamasho, na tambayi mai faci, na tambayi mai shayi. Garba kam akwai su birjik, har da wani mai sayar da maganin ɓera, amma babu birkila a cikinsu. Can sai ga wani mutum mai fara'a, ya ce ai unguwarsu ɗaya da Garba Birkila, in kawo jakar ya ɗaure a babur, in ɗan jira shi ya sha mai ya juyo. Har yau bai juyo ba.

Sunana Habila. Bahaushe ne ni gaba da baya, kuma Kirista, kamar yadda ubana ya rayu ya mutu. A ƙauyenmu wannan ba abin kallo ba ne: ga coci, ga masallaci, rijiya ɗaya muke sha. Amma a ƙasar Zamfara duk wanda na gaya wa sai ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai Bahaushe na kuwa, ko dai Hausak kaɗai ka iya?" Abu na biyu da ya kamata a sani game da ni shi ne tsoro. Tun ina yaro nake da shi, kuma bai taɓa yin ƙaura ba. Ina tsoron kare, ina tsoron tsawa, ina tsoron ɗan sanda ko da gaishe ni ya yi. Innata takan ce da ana sayar da tsoro a kasuwa, da tuni na gina mata gidan bulo. Ita mace ce mai addu'a, in ta durƙusa da safe har kunu ya huce ba ta tashi ba. Ni tawa gajeriya ce, kuma galibi sai na ji wuya nake tunawa da ita.

Ranar nan na ji wuya. Mai shayin da na fara tambaya shi ya gan ni zaune zugum a gefen tasha, ya miƙo mini shayi da burodi. Daga nan na zama mai wanke masa kofuna, bencinsa ya zama gadona. Komawa gida ba ta taso ba. Na baro matata Rifkatu da ciki, na baro rumbu babu komai, ina zan kai fuskata in na dawo ko jakar da na fita da ita babu?

Ran Lahadi na bi ƙarar ganga har na sami wani ƙaramin coci a bayan gari, yawancin masu zuwa mutanen Zuru ne da 'yan kasuwa. Da mata suka ja waƙa irin wadda Rifkatu ke ja a zumuntar matan cocinmu, sai na kasa buɗe baki, na sunkuyar da kai ina hawaye kamar an yi mini rasuwa. Bayan sujada matar wani dattijo ta ba ni tsohuwar rigar mijinta. Shi kuma ya gaya mini gaskiya: babu wani gini, aikin da baƙo ke samu a ƙasar nan na zinare ne, kuma shi ba zai ce in je ba, ba zai ce kada in je ba. Ya riƙe hannuna ya roƙi Ubangiji ya tsare ni, ya daɗe yana roƙon har na fara zargin ya san abin da ban sani ba.

A wajen Bukkuyum na sami aiki a injin niƙa dutse. Ana kawo duwatsu cikin buhuna daga ramuka, mu zuba a inji ya mai da su gari, masu wanki su wanke su nemi zinare. Ƙura ta ko'ina, a hanci, a kunne, a cikin tuwo. Na ji labarin yadda irin wannan ƙura ta taɓa shiga gidaje a ƙauyukan Tungar Guru da Abare, gubar dalma ta kashe yara, aka zo aka kankare ƙasar gidajen mutane. Tun daga ranar na yage hannun rigar dattijo na ɗaure hancina da shi. Abokan aiki suka sa mini suna Likita. In na yi tari sau ɗaya sai in kwana ina sauraron ƙirjina.

Mai injin kuwa mutum ne mai daɗin baki, amma lada kullum sai gobe. Ina nan ina cin gobe har wani tsoho da ke kawo dutse daga wajen Anka ya lura da ni. Malam Sanda sunansa, Bazamfare, siriri, da furfura a gemu da hannuwa kamar ɓawon itace. Ya tambaye ni daga ina, na gaya masa. Ya tambayi sunana, na faɗa, ina jiran a dube ni daga sama har ƙasa. Bai yi ba.

"Habila," ya ce, "wanga mutum ba shi biyanka ko shekara kay yi nan. Taho mu tahi rami. Can aƙalla abin da kat tono, da idonka za ka ga rabonka."

Na ce, "Baba, ni fa ko rijiya ban taɓa leƙawa ba sai gabana ya faɗi."

Ya ce, "Madalla. Matsoraci shi ka daɗewa cikin rami. Masu ƙarhin hali dut mun rufe su."

Ban san ko ƙarfafa ni ya yi ba ko gargaɗi, amma na bi shi.

Hanyar Anka ita ce hanya mafi shiru da na taɓa bi. Muna cunkushe a bayan akori-kura, ana ta hira, ana gardamar farashin taki. Da muka shiga wani yanki mai duhuwa sai kowa ya yi tsit, direba ya kashe rediyo ya taka mota. Ba wanda ya ce mini ga dalili. Na ga gonaki ba a nome ba, na ga wata tunga babu jinka ko ɗaya a kan ɗakunanta. Mutanen wurin ba sa cewa 'yan bindiga da ƙarfi, sai dai su ce mutanen daji, su ma da murya ƙasa-ƙasa. Na ƙanƙame ƙarfen mota ina kiran sunan Yesu a zuci har muka fita.

Sansanin masu haƙa yana cikin daji, tafiya ce mai ɗan nisa da ƙafa daga ƙauye mafi kusa. Bukkokin leda da kara, masu tuwo, masu shayi, da ramuka ko'ina kamar gidan gara. Mutane daga kowace kusurwa, Katsinawa, Kabawa, mutanen Nijar, kusan duk Musulmi. Ramin da muke aiki na wani Lawwali ne, ƙaƙƙarfa mai jan ido, wanda ko sannu ya ce maka sai ka ji kamar ka yi laifi.

Dole in bayyana yadda ramin yake. Bakinsa ƙarami ne, mutum ɗaya ke wucewa. Daga sama, inda jar ƙasa take, an sassare matakai a bango, kana sa ƙafa kana sauka. Amma can ƙasa, inda aka iske dutse, ramin ya buɗe ya yi ciki kamar tulu, bangon santsi gare shi, babu abin kamawa. Daga nan sai igiya. Igiyar ɗaya ce, a ɗaure jikin wani gungume da aka gicciya a bakin ramin. Da ita mutum ke sauka, da ita ake jawo buhun dutse, a kwance buhu, a sake jefo ta. Ruwa kuma kullum yana tsattsafowa daga ƙasa, sai an ja shi da inji kowace safiya kafin a shiga.

Malam Sanda ne ke tsaya mini a sama. Ranar farko da na sauka, ya yi ta zuba mini labarin wani jakinsa da ya ƙi cin dusa, da ƙarfi, don in riƙa jin muryar mutum. A hankali na iya riƙe guduma, na iya gane farin dutse mai jijiya. Tsoron bai tafi ba, amma mun saba da juna.

Sansanin yana da doka ɗaya da ba a takawa: ba a shiga rami ran Juma'a. Wasu sun ce ranar ta masu ƙasa ce, aljanun da ke da zinaren, in ka dame su ranar sai su ɗauke arzikin ramin ko su rufe shi da kai. Da hantsi kowa zai yi wanka ya sa farar riga, a ɗunguma zuwa ƙauye salla, har mai injin jan ruwa. Masu tuwo ma su tafi cefane. Sansanin ya zama kufai sai la'asar. Ni da ba ni da inda zan je, nakan wanke rigata in kwanta a inuwa ina tunanin gida, ina lissafin ko Rifkatu ta sauka.

Damina ta kawo kai, an yi ruwan fari, a daidai lokacin da raminmu ya faɗa kan dutse mai kyau. Lawwali ya rasa sukuni. Ya san in ruwa ya zauna, ramin zai cika, sai kuma rani. Wata Juma'a da safe, bayan mutane sun wuce, sai ga shi a kaina.

"Likita, tashi. Za ka shiga."

Na ce, "Yau fa Juma'a ce."

"Jumma'ar wa? Kai salla kaka yi? Dokag ga tamu ta, ba ta hau kanka ba. Ko kai ma tsoron aljannu kaka ji? Ina ce ku kun ce Yesunku ya hi su?"

Nan ya kama ni. An koya mana tun muna yara cewa duk ranaku na Ubangiji ne, kuma mai bi ba ya tsoron iskoki. In na ƙi, na nuna bangaskiyata ta baki ce. In kuma faɗi gaskiya, tsoron Lawwali da ke tsaye a kaina ya fi tsoron aljanin da ban gani ba. Ya ce buhu kaɗan za mu fitar, shi da kansa zai tsaya mini a sama, rabona kuma zai ninka. Ya ƙara da cewa kada Malam Sanda ya ji, kada kowa ya ji, don in aka sani za a kore mu duka daga sansanin.

Duk tunanina a kan aljanu ya tsaya. Ban yi tunanin ɗaya gefen ba: ran Juma'a babu mahalukin da zai nemi mutum a cikin rami, domin kowa ya san babu kowa a ciki.

Na ɗaure tocila a goshi na sauka. Ba a ja ruwa ba ranar, ya kai mini idon sawu. Na yi ta sara, na cika buhu, na ɗaure, na girgiza igiya, Lawwali ya ja. Igiya ta dawo. Na sake cikawa, na sake ɗaurewa. Ina kallon buhun yana hawa, yana juyi, wutsiyar igiyar tana binsa, har ya toshe hasken bakin ramin, sannan haske ya dawo. Na tsaya ina jira a jefo mini ita.

A jikin dutse na fara jin abin, kafin kunnena ya ji. Wani gurnani, kamar ƙasa na ciwon ciki. Babura ne, masu yawa. Sai harbi. A cikin rami ƙarar bindiga ba ta da gabas ba ta da yamma, ta ko'ina take zuwa. Na ji Lawwali ya yi salati, na ji takun gudunsa, ƙasa ta zubo mini a fuska. Na kashe tocila, na lafe a jikin bango.

Na ji su suna ta kai da kawo a sama. Ihu, dariya, ana fasa abubuwa, ana kiran wani ya kawo mai. Warin leda mai ƙonewa ya sauko har inda nake. Ni dai addu'ata ɗaya ce a lokacin: Ubangiji, kada su leƙo. Ka makantar da su, ka sa su wuce. Na yi ta maimaitawa.

Aka amsa mini. Ba wanda ya leƙo. Hayaniyar ta ja baya zuwa ɗaya gefen sansanin, inda ake tara dutsen da aka fitar. Sai a lokacin na lura ruwan ya wuce gwiwata.

Na ɗaga kai. Bakin ramin daga nan bai fi faifai ba, kuma ɗazu fari ne tas, yanzu ya koma toka-toka. Hadari ne ke haɗuwa. Na san abin da ruwan sama ke yi wa ramukan nan, na gani da ruwan fari: duk abin da ya kwaranyo daga tudu cikinsu yake zubawa. Na gwada hawa. Na sa ƙafa a bango, na zame. Na sara wurin taka ƙafa da guduma a hankali don kada a ji, dutsen ya ɓare a hannuna. Matakan farko suna can sama, ko mutum ya hau kafaɗar wani ba zai taɓa su ba. Igiyar kuwa na san inda take. Tana nan kwance a bakin ramin, ɗaure da buhun, taku ɗaya daga inda zan rayu.

Sai lissafin ya fito mini fili. In na yi shiru, ruwa zai ci ni. Bayan hari irin wannan mutane kan yi kwanaki ba su dawo ba, kuma ko sun dawo ba wanda zai leƙa rami. Mutum ɗaya ne a duniya ya san ina nan, shi kuma faɗar hakan tonon asirinsa ne. In kuma na yi kira, waɗanda za su ji ni su ne waɗanda na gama roƙon Allah ya makantar. Na ji labarin abin da suke yi wa wanda suka kama.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na tuna Inna a durƙushe, kunu yana hucewa. Na tuna Rifkatu za ta haihu ta yi ta duban hanya, ba gawa, ba labari, wataƙila ma a ce mata na sami zinare na yi aure a Zamfara. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na so in durƙusa, ruwa ya hana, ya kai mini ƙugu. Don haka a tsaye na yi, goshina a jikin dutse. Ban iya addu'a mai tsari ba, magana kawai na yi. Na ce, Ubangiji Yesu, ka san ni. Ka san tsoro nake ji, ba yau na fara ba. Ɗazu na ce ka ɓoye ni, ka ɓoye ni, na gode. Yanzu ɓuyan zai kashe ni. Ban san abin da zan roƙa ba kuma. In na yi shiru ina hannunka, in na yi kira ina hannunka. To, zan yi kira. Duk wanda ya leƙo, kai ka san shi, ni ban san shi ba.

Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Jikina bai daina rawa ba. Abin da na samu kawai shi ne ƙarfin buɗe baki.

Tsawa ta yi. Bayanta na ji taku a kusa, takun mutum ɗaya mai takalmi, ba ya sauri. Na ja numfashi na ce, "Jama'a! Akwai mutum a nan!"

Takun ya tsaya. Ƙasa ta ɗan zubo. Sai kai ya bayyana a bakin ramin, naɗe da rawani, ban ga fuska ba saboda haske na bayansa. Abin da na gani sarai shi ne bakin bindiga, ya leƙo tare da shi.

"Wa an nan?"

"Ni ne. Lebura ne ni, ranka ya daɗe."

"Mi kaka yi cikin rami ran Jumma'a?"

Ƙarya ta zo mini har baki, iri-iri. Amma yanzun nan na gama cewa ina hannun Yesu, kunya ta hana ni musunsa da bakin da bai bushe ba. Na ce, "Ni Kirista ne. Mai ramin ne ya sa ni."

Na rufe ido ina jiran ƙarar. Ina tunanin ko mutum yana jin ta kafin ta same shi.

"Kirista," ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. "To, in mun hidda ka, wa za shi hwanshe ka? Wa gare ka?"

Na tuna Inna da akuyarta ɗaya, na tuna Rifkatu da tukwanenta. In na ambaci sunansu, za su sayar da gona, su bi coci-coci suna roƙo, kuma ba zai isa ba. Sai na ce, "Ba ni da kowa sai Allah."

Na faɗe ta ne yadda kowane talaka ke faɗa in yana neman a tausaya masa. Amma da na ji ta tana hawa ramin, tana bugun bango tana dawo mini, sai na gane ban taɓa faɗar gaskiya irin wannan ba tun da aka haife ni.

Mutumin ya yi dariya, gajeriya, ba ta mugunta sosai ba, irin ta wanda ya gaji.

"To, shi hidda ka."

Kan ya ɓace. Bindigar ta ɓace.

Ban san wanda na fi jin haushi ba a lokacin, shi ko Allah. Na ce a raina, shi ke nan? Na yi kiran, na faɗi gaskiya, amsar ke nan? Ɗigon farko ya faɗo mini a fuska, mai kauri. Ruwan ramin yana taɓa ƙirjina.

Sai na ji ana jan wani abu mai nauyi a sama. Buhun ne. Dutsen da na sara da hannuna ya gani, ya san mai kyau ne. Na ji yana tsaki, yana kokawa da ƙullin da na yi, don ni saboda tsoro ƙulli uku nake yi inda kowa ke yin ɗaya. Na ji ya kira wani ya kawo babur. Na ji an ɗora. Sannan wani abu ya taho daga sama yana warwarewa, ya mare ni a kafaɗa, ya faɗa ruwa.

Igiya.

Ko da gangan ya shuro ta, ko sarƙe masa ƙafa ta yi ya yi wurgi da ita, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na kama ta da hannu biyu na ja a hankali. Tana nan daram a jikin gungume. Na so in hau nan take, tsoro ya ce in jira. Na tsaya rungume da ita, ruwa na hawa, ina sauraro, har gurnanin baburan ya yi nisa ya narke cikin ƙarar ruwan sama. Lokacin ruwan ya kai mini wuya, kuma ruwa mai jar laka ya fara malalowa ta bakin ramin yana dukan kaina.

Yadda na hau, hannuwana ne suka sani, don fatarsu a jikin igiyar ta zauna. Na zame ya fi a ƙirga. Laka a ido, laka a baki. Da ƙafata ta sami matakin farko sai na ji ya narke a ƙarƙashina, na rataya, na sake nema. Ina hawa ina cewa Yesu, Yesu, ba don ina tsara addu'a ba, numfashina ne ya koma haka. Da na rungumi gungumen nan na fito da ƙirjina waje, na kwanta a cikin taɓo, na yi amai.

Babu kowa. Bukkoki sun ƙone, ruwa yana kashe sauran wutar, tukwanen masu tuwo a kife. Na ja jiki zuwa gindin wani marke da ke ɗan tudu, na jingina. Ƙafafuna sun daina jin magana. Daga nan nake kallon ruwa yana kwarara cikin ramin Lawwali kamar ana cika randa. Kafin ruwan ya tsagaita, ramin ya cika har ya tumbatsa, gungumen kaɗai ake gani.

Wajen la'asar sakaliya na hango mutum yana tahowa da gudu-gudu ta hanyar ƙauye, shi kaɗai, da igiya naɗe a kafaɗa. Farar rigar Juma'arsa ta koma ja. Malam Sanda ne. Daga baya na ji yadda aka yi: Lawwali ya faɗo ƙauyen a guje, tsohon ya ga jar lakar rami a hannuwansa, ya tambaye shi ina Habila, ya kasa haɗa ido da shi, da ƙyar ya faɗi gaskiya. Mutane sun riƙe tsohon sun ce mutanen daji ba su yi nisa ba, ya fizge.

Bai gan ni ba. Kai tsaye ramin ya nufa. Da ya ga ruwa ya cika shi fal, sai ya tsaya cak, igiyar ta zame daga kafaɗarsa. Ya durƙusa a bakin ramin, ya zura hannu cikin ruwan har kafaɗa yana lalube, kamar zai same ni a nan kusa.

"Habila! Habila! Wayyo ɗan mutane, ni nik kawo ka! Mi za ni ce ma innakka?"

Ina jin sa, ina kallon sa, murya ta ƙi fita. Sai da na yi ta ƙoƙari sannan wani abu kamar kukan ɗan akuya ya fito.

"Baba. Ga ni."

Ya waiwayo. Ya daɗe yana kallona bai motsa ba, ina jin ya ɗauka masu ƙasa ne suka fito da kamannina. Sannan ya taso, ya zo ya kama fuskata da hannuwan nan nasa masu kaushi, ya taɓa kunnena, ya taɓa kafaɗata, ya juya tafin hannuna ya ga yadda suka saɓule.

"Lawwali ya ce igiya na bisa, ɗaure ga buhu. Wa yah hidda ka?"

Na gaya masa duka, da tambayar da mai bindigar ya yi mini, da amsar da na ba shi, da abin da ya ce kafin ya tafi. Tsohon ya juya ya dubi ruwan da ya shafe ramin, ya dubi wutsiyar igiyar da ke yawo a kansa.

"Tashi mu tahi tun ba su komo ba," ya ce. "Ka yi godiyakka bisa hanya, in yi tawa."

Na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi. Ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatata ya ɗaga ni, tsoho da shi, ƙashi da fata. Muka kama hanyar ƙauye cikin yayyafi, muna tangaɗi, shi yana tasa da Larabci, ni ina tawa da Hausa, kowa yana kuka.